Baƙar Robar Jikin Motar Ƙungiya: Me Ya Sa Take Koɗewa?

'Yan'uwa manoma, dattawa a cikinmu za su tuna da Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Bambarsu ta ƙarfe ce, in ta yi ƙura sai a goge, shi ke nan. Motocin da ƙungiyoyinmu suke saye yanzu ba haka suke ba. Bamba, da gidan madubi, da mariƙin ƙofa, sau da yawa duk baƙar roba ce. In ta sha rana 'yan shekaru sai ta koma toka-toka, mota ta yi kamar ta tsufa, alhali injinta lafiya lau. Ranar da ƙungiya ta tashi sayar da ita, mai saye da ido yake fara ciniki. Abin da zai rage kuwa, kuɗin membobi ne.

Yawancin wannan roba ana kiranta polifirofilin. Masu yin ta sukan gauraya ta da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, shi ne yake ba ta launi. A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, ana ce da shi ultrabayolet. Shi da iska suke cin fatar robar a hankali, har ta yi ƙananan tsagogi da gari-gari kamar alli. Fatar sama kaɗai ce ta ƙone. Ku kankare wani ɓoyayyen wuri da farce, za ku tarar baƙin yana nan a ƙasa.

Mun sha ganin yaron mota yana shafa wa bamba baƙin mai. Gaskiya ne, nan take takan yi baƙi wuluk, kowa ya yaba. Amma mai bai gyara kome ba, ya cika tsagogin ne kawai. Kwana kaɗan ƙurar hunturu ta manne, abin ya fi dā muni. Man gyaɗa ma haka ne, ga shi yana kiran tururuwa. Man birki shi ya fi duka haɗari, gama in ya ɗiga a kan fenti yakan cinye shi.

A yi hankali ƙwarai da roba mai taushi da ke kewaye da ƙofa da gilashi. Ita wata iri ce dabam. Tana jure rana, amma ba ta shiri da man inji, ko fetur, ko kananzir: sai ta kumbura ta saki. Daga nan ruwan damina ya riƙa shiga, kujeru su jiƙe, ƙasan mota ya kama tsatsa. Wannan ɓarna ta fi koɗewar launi tsada nesa ba kusa ba.

Ga yadda za mu yi. A kai mota inuwa, a bari jikinta ya huce. A wanke robar da ruwan sabulu da buroshi mai laushi, a cuɗa sosai domin garin nan da tsohon mai su fita daga cikin tsagogi. A ɗauraye, a bari ta bushe sarai. Sa'an nan a goge ta da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ɗan sifirit. Wankin nan shi ne rabin aikin. Wanda ya yi gaggawa a nan, duk abin da ya shafa daga baya ba zai kama ba.

Bayan haka akwai hanya biyu. Man silikon na shafa wa roba yana da araha, yana kuma da kyau ga robar ƙofa, amma ruwa da wanki suna ɗauke shi cikin 'yan makonni. Ɗayan kuwa baƙin rini ne da aka yi musamman domin robar mota, ana samunsa wurin masu sayar da kayan fenti na mota. Shi yakan yi watanni da yawa. Mu dai shi muka fi so ga bamba. A liƙa tef na takarda a bakin fenti, a sa safar hannu, a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri. A shafa kaɗan-kaɗan da soso, a goge rarar, kada ruwa ya taɓa ta har kwana ɗaya, ko yadda aka rubuta a jikin kwalba.

Waɗansu makanikai sukan gasa bamba da wuta ko da injin hura zafi. Takan yi baƙi, domin fatar ta ɗan narke. Amma baƙin ba ya daɗewa, in kuwa aka maimaita sai robar ta yi ƙarmas, ta fashe da ƙaramin karo. Kada mu yarda a yi wa motar ƙungiya haka. Robar da ta riga ta tsage har ciki, ba rinin da zai ɗinke ta, sai canji.

Saura inuwa. Dirka shida da zana ko ciyawa sun isa rumfar mota, aikin gayya ne na yini ɗaya bayan kaka. Gindin bishiya ya fi fili, sai dai kashin tsuntsu yana ɓata fenti in ba a wanke da wuri ba. Muna roƙon kowane kwamiti ya sa maganar rumfa cikin taronsa na gaba, kafin bazara ta kama, a kuma faɗa wa direba da yaronsa abin da ba za su shafa wa motar ba.