Matasan Sami da Ciwon Damuwa: Tsangwama ce Matsalar

A can ƙuryar arewacin Turai, inda rana kan ɓace wa mutanen birnin Tromsø daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu, akwai al'ummar Sami. Su ne 'yan asalin yankin, kuma ƙasarsu ta ratsa Norwe da Suwidin da Finlan har yankin Kola na Rasha. Barewar ƙanƙara a wurinsu kamar saniya ce a wurin Bafulatani, ko da yake yawancinsu a yau ba kiwo suke yi ba.

Tun wajen 1850 gwamnatin Norwe ta sha alwashin raba su da harshensu da al'adarsu ƙarfi da yaji. Aka kwashi yara zuwa makarantun kwana, aka hana koyar da su da harshen uwa, har iyaye da yawa, musamman a garuruwan bakin teku, suka daina yi wa 'ya'yansu yaren don kada a yi musu gori. An shafe sama da shekara 100 a haka. Duk wanda ya san halin da 'yan asalin Kanada da Ostireliya ke ciki zai ɗauka jikokin waɗancan yara sun fi sauran matasa fama da fargaba da ciwon damuwa nesa ba kusa ba.

Bincike bai nuna haka ba.

A 1994 zuwa 1995 Siv Kvernmo, likitar ƙwaƙwalwar yara da matasa, ta bi makarantun arewacin Norwe da tambayoyi, sai ta tarar bambancin matasan Sami da takwarorinsu bai taka kara ya karya ba. An sake wani babban bincike daga 2003 zuwa 2005 a lardunan Nordland da Troms da Finnmark, aka tambayi 'yan aji goma kusan 4,900, masu shekara 15 zuwa 16, kimanin ɗaya cikin goma 'yan Sami ne. Tambayoyin na yau da kullum ne: kana jin tsoro ba gaira ba dalili? Barci na yi maka wuya? Kana yawan zargin kanka? Ka yanke ƙauna da gobe? Amsoshin ɓangarorin biyu suka zo kusan ɗaya. Ratar da ta fito fili tana tsakanin 'yan mata da samari, domin 'yan matan sun fi bayyana damuwa, ko Sami ne su ko ba Sami ba.

Sai dai da Margrethe Bals da abokan aikinta suka tsefe alƙaluman, sun ga abin da jimilla ta ɓoye. Matasan Sami sun fi cewa an tsangwame su saboda asalinsu, kuma wanda aka tsangwama ya fi nuna alamun damuwa. A ɗaya hannun, masu jin harshen da masu shiga harkokin gargajiya sun fi samun sauƙi. Wato abin da gwamnati ta ɓata ƙarni guda tana tumɓukewa, shi ke tallafe yaran. Kuma waɗannan yara sun taso ne bayan rikicin Sami da gwamnati kan dam ɗin Alta na 1979 zuwa 1981, bayan an buɗe Majalisar Sami a Karasjok a 1989, lokacin da saka kayan gargajiya ya fara zama abin alfahari. A Karasjok ɗin ne kuma cibiyar SANKS take, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa daidai da harshe da al'adar Sami.

A Suwidin labarin ya fi ɗaci. Wata mai bincike, Lotta Omma, ta gano cewa matasan Sami na can sun fi takwarorinsu gajiya da rayuwa da tunanin kashe kai, wani binciken kuma ya nuna makiyayan barewa sun fi sauran jama'a fargaba da damuwa. Ba abin mamaki ba ne. Ma'adinai da tituna da fankokin lantarki na cinye makiyaya, ruwan sama kuma kan sauka a kan ƙanƙara ya daskare, barewa ta kasa tono abincinta.

A shekarun da suka biyo bayan 2010 binciken Ungdata ya nuna damuwa ta ƙaru a tsakanin matasan Norwe baki ɗaya, musamman 'yan mata. Matashin Sami na ɗauke da wannan nauyi, ga kuma nasa. A Fabrairun 2023 matasan Sami ne suka tare ƙofofin ma'aikatu a Oslo, saboda fankokin lantarki na yankin Fosen na nan suna juyawa duk da hukuncin Kotun Ƙoli na 2021 cewa sun tauye haƙƙin makiyaya. Majalisar Norwe ta nemi afuwar Sami a Nuwamban 2024. Amma harshen Sami na kudu 'yan ɗaruruwa ne suka rage masu jin sa, kuma yarinyar da ke son faɗa wa likita damuwarta da shi za ta sha nema kafin ta samu mai fahimtarta.