Kwaɗon Da Ke Gefen Adireshin Intanet: Abin Da Yake Tsarewa Da Wanda Ba Ya Tsarewa

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin jarrabawa ko sayen kaya ta intanet ya san lokacin da gaba ke faɗuwa, wato idan aka ce ya rubuta lambar katinsa. Lambar nan ba tsalle ɗaya take yi ta isa banki ba. Daga waya sai ta bi ta kamfanin sadarwa, ta ratsa na'urori da dama. Abin da ke hana wani ya karanta ta ko ya sauya ta a hanya shi ne takardar shaidar tsaro, wadda ake kira satifiket ɗin SSL ko TLS. Ita ce ke sa adireshi ya fara da https maimakon http, kuma ita ce alamar kwaɗon da ke gefen adireshi ke nunawa. Kamfanin Netscape na Amurka ne ya fito da SSL a 1995, TLS ya gaje shi a 1999, kuma a 2018 aka fitar da TLS 1.3.

Aikin takardar biyu ne. Na farko rufa asiri. Da ka buɗe shafi, kafin ƙiftawar ido wayarka da shafin sun ƙulla wani mabuɗin sirri na wannan ziyarar kaɗai. Duk abin da kuka aika wa juna da shi ake cakuɗa shi, ta yadda wanda ya laɓe a hanya, ko da a kan Wi-Fi ɗin otal ne, shirme kawai zai gani.

Na biyu shaida. A zamanin fatauci, baƙon da ya sauka gari da kaya ba a yarda da shi sai fatomansa ya tsaya masa. Haka abin yake a intanet. Akwai kamfanoni irin su DigiCert da Sectigo da GlobalSign waɗanda ke tantance cewa mai neman takarda shi ne ke riƙe da sunan shafin, sannan su sa mata hannu. Wayarka tun daga masana'anta ta zo da jerin waɗannan amintattu. Idan takarda ta tsufa, ko sunan da ke kanta bai dace da shafin ba, ko wanda ya sa hannun ba sananne ba ne, sai gargaɗi ya fito.

To, idan fatoman ne aka yi wa sata fa? Hakan ta faru a 2011, sa'ad da aka kutsa kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, aka buga takardar bogi da sunan Google, aka yi amfani da ita wajen leƙen asirin mutane a Iran. Nan take Google da Mozilla da Microsoft suka janye amincewarsu, kamfanin kuma ya durƙushe a shekarar. Daga baya aka kafa rajista ta fili da ake shigar da takardun da aka bayar, domin ta bogi ta tonu da wuri.

A da sayen takardar ake yi da tsada. Tun 2015 wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt ta fara bayar da ita kyauta, kuma daga 2018 manhajar buɗe shafukan intanet ta Chrome ta riƙa yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Wannan ci gaba ne, amma ɗan damfara ma yanzu yana samun tasa cikin minti kaɗan. Zai yi rajistar suna mai kama da na bankinka, ya sauya harafi ɗaya, takardarsa kuma ingantacciya ce, domin sunan nasa ne. Ganin mutane na ɗaukar kwaɗon a matsayin shaidar gaskiyar mai shafi yana cikin dalilan da suka sa Chrome ya sauya alamar a 2023.

Saboda haka, mai karatu, kwaɗo hanya yake tsarewa, ba halin wanda ke ƙarshen hanyar ba. Karanta adireshi harafi bayan harafi. Rubuta na bankinka da hannunka, kada ka bi wanda aka turo ta WhatsApp ko saƙon tes. Idan gargaɗi ya fito, koma baya. Lambar sirrin katinka da lambar da banki ke turowa don tabbatar da ciniki kuwa, kada ka ba kowa, ko da ya ce daga banki yake.