Yadda Ake Gano Matsalar Na'urar Auna Gudun Inji a Katafila

A wuraren haƙar farar ƙasa na Ƙanƙara da ayyukan hanya a Faskari da Sabuwa, katafila kan mutu ana tsaka da aiki, a yi ta tayarwa ta ƙi tashi. Nan da nan sai a ɗora laifin a kan famfon gas, a kwance shi, a yi asarar kuɗi da kwanakin rani. Muna kira ga direbobi da kanikawa da su fara duba na'urar auna gudun inji.

Wannan 'yar na'ura mai maganaɗisu tana ƙirga haƙoran giya yayin da suke juyawa, ta sanar da kwamfutar injin. Idan saƙon ya yanke gaba ɗaya, kwamfutar ba za ta saki mai ba. A injunan Caterpillar, lamba 190 ce ke nuna wannan matsala.

Kafin a sayi sabuwa, a bi wayarta tun daga soket, domin girgiza da zafi na cin waya. A cire ta, a goge garin ƙarfen da ya manne a bakinta, sannan a auna ta da mita bisa littafin injin. Wadda ke aiki da sanyin safiya, ta ɗauke idan inji ya ɗau zafi, sai dai a canza ta.