Rutiniyam: ƙarfen da muke ƙonawa ba mu san darajarsa ba

Duk wanda ya leƙa wajen masu gyaran waya a Aboabo ko babbar kasuwar Tamale zai ga tarin matattun wayoyi da kwamfutoci. A cikinsu akwai wani ƙarfe da yawancinmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba, wato rutiniyam.

Wani masanin sinadarai mai suna Karl Klaus ne ya gano shi a 1844 a jami'ar Kazan ta ƙasar Rasha. Lambarsa 44 a jadawalin sinadarai, ɗan gidan filatinam ne. Fari ne kamar azurfa, mai tauri, ba ya tsatsa, kuma sai zafi ya wuce digiri 2,300 kafin ya narke. Ƙarancinsa fa ba a magana: duniya gaba ɗaya wajen tan 30 take samarwa a shekara, galibi daga Afirka ta Kudu, alhali Gana kaɗai ta haƙo zinari fiye da tan 100 a 2023.

To, ina amfaninsa gare mu? Ƙananan ƙwayoyin da ke daidaita wutar lantarki a cikin waya da rediyo, da shi ake shafe su. Faifan ajiyar bayanai na kwamfuta ma yana ɗauke da shi. Har ruwan famfo bai bar shi ba, domin yawancin sinadarin kulorin da matatu irin ta Dalun ke kashe ƙwayoyin cuta da shi, ana samar da shi ne da faranta masu rufin rutiniyam.

Abin takaicin shi ne yadda muke yi da tsofaffin na'urori. Samarin Arewa da dama sun yi shekaru a Agbogbloshie ta Akara suna ƙona wayoyin lantarki don cire jan ƙarfe, kafin a rushe wurin a 2021. Hayaƙin yana lalata huhu, rutiniyam ɗin da ke cikin allunan kuwa wutar bola ba ta iya raba shi, sai masana'anta.

A 2016 Gana ta kafa dokar kula da sharar lantarki, mai lamba 917. Saura mu. Tsohuwar wayarka, kai wa mai gyara ya cire abin da zai yi amfani, kada ka bari yara su cinna mata wuta a bayan gida.