Kafin mai gyara ya taɓa memorinku, ku nemi ganin hoton faifan

Duk mai sayen tattasai a garuruwan bakin Komadugu, daga Gueskérou zuwa kasuwar Diffa, ya san yadda ake kasa sito: nan buhunan tattasai, can kwalayen banda, can kuma kayan ajiyar wani. Faifan kwamfuta da filash da memorin waya ma haka ake kasa su ɗaki-ɗaki. A farkon faifan akwai ɗan lissafi da ke nuna inda kowane ɗaki ya fara da inda ya ƙare. Idan lissafin ya lalace, sai na'ura ta ce babu komai a ciki, alhali kuwa hotunan kaya da saƙonnin murya na masu bashi suna nan daram, iyaka ce kawai ta ɓace.

Tun asali da rubutu ake wannan aikin kasawa. Ma'aikaci zai zauna gaban baƙin allo ya rubuta umarni, kamar a manhajar fdisk ta zamanin DOS, ko GNU Parted wadda Andrew Clausen da Lennert Buytenhek suka rubuta. Matsalar ita ce, a tsarin Linux ana kiran faifai da sunaye masu kama da juna, wannan sdb, wancan sdc. Harafi ɗaya ya kuskure, sai a share faifan wani a bar wanda aka nufa. Ita Parted kuma ba ta jira. Umarni na shiga, ta aiwatar.

Wannan ne amfanin GParted, wadda Bart Hakvoort ya fitar a 2004. Bai ƙera sabon inji ba. Injin Parted ɗin ne a ciki, shi dai ya yi mata fuska. Da an buɗe ta, faifan zai bayyana kamar doguwar sanda mai launi-launi, kowane ɗaki da girmansa, ana ganin wurin da ya cika da wurin da ba komai. Abin da ya fi burge ni shi ne, ba ta aiki nan take. Duk abin da aka zaɓa, jera shi take yi a ƙasan allo, a duba, a soke wanda ba a so, sai an danna maɓallin zartarwa ta kuma yi gargaɗi sannan ta taɓa faifan. Kamar dai a ƙirga buhuna a gaban mai kaya kafin mota ta tashi. Kyauta ake samunta, ana ma iya tada kwamfuta da ita daga filash.

To, ina ruwan 'yar kasuwa da wannan? Ruwanki, Hajiya, shi ne ranar da memori ya ƙi buɗewa, yaron shago ya ce sai an yi fomat. Kada ki amsa da sauri. Ki ce ya nuna miki hoton faifan a allo, ki karanta girmansa. Idan memorinki gig 16 ne, allo kuma ya nuna 500, to faifan kwamfutarsa ya nufa, ko na wani. Ko a Windows yake aiki, akwai irin wannan fuskar, don haka ba shi da hujjar ɓoye miki.

Idan kuwa an riga an goge, a cire memorin, kada a ƙara saka masa ko waƙa ɗaya, domin sabon abu kan tsohon yake hawa. Akwai TestDisk da PhotoRec na Christophe Grenier, ɗan Faransa, su ma kyauta. Ta farko tana neman iyakar da ta ɓace, ta biyu tana tsinto hotuna da sauti ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a kwashe abin da aka tsinto zuwa wani faifan dabam, ba cikin wanda ake ceto ba.