Yadda likitoci ke gano gubar da ta ɓad da kama

A watan Maris na shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aikin sa ido kan cutar sanƙarau a jihar Zamfara sun samu labarin cewa ƙananan yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum.

Yaran kan fara ne da amai da ciwon ciki da ciwon kai, daga nan sai jijjiga, wasu kuma su suma. Waɗannan alamomi ne da kowane ma'aikacin lafiya a yankin zai danganta da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko kuma sanƙarau.

An ba su magungunan cututtukan biyu, amma mace-macen ba su tsaya ba. Sai da aka aika da jinin wasu daga cikinsu zuwa wani ɗakin gwaje-gwaje a Jamus kafin aka tabbatar cewa gubar dalma ce ke kashe su. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu.

Abin da ya faru a Zamfara ya nuna babbar matsalar da likitocin sashen gaggawa ke fuskanta a ko'ina cikin duniya. Guba kan zo ne da kamannin cututtukan da aka saba gani, sau da yawa kuma majinyacin ba ya cikin hayyacinsa balle ya faɗi abin da ya ci ko ya sha.

Ceton rai ne farko

Idan aka kawo mutum a sume, likita ba ya jiran sanin sunan gubar kafin ya fara aiki. Yakan fara tabbatar da cewa hanyar numfashi a buɗe take, numfashin na tafiya, kuma zuciya na harba jini yadda ya kamata.

Ana kuma gaggauta auna sukarin jini, domin ƙarancinsa na iya sumar da mutum kamar yadda guba ke yi, kuma maganinsa na nan kusa.

Mafi yawan nau'o'in guba ba su da makari na musamman. A irin wannan hali abin da ke ceton majinyaci shi ne tallafa wa numfashinsa da zuciyarsa da ƙodarsa har jiki ya fitar da gubar.

Bayan haka ne ake shiga tambayoyi. Wace sana'a yake yi? Waɗanne magunguna ake ajiyewa a gidan? Su waye suka ci abinci tare da shi? Akwai wani a gidan ko a unguwar da ke fama da irin wannan ciwo?

Tambaya ta ƙarshe na da muhimmanci ƙwarai. Idan mutanen gida guda suka wayi gari da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci ɗaya, likita zai so ya ji ko an kwana da janareta ko garwashi a cikin ɗaki, saboda iskar kabon monokzayid ba ta da launi kuma ba ta da wari. Ƙaramar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin ma takan nuna kamar komai lafiya, alhali jinin ya cika da gubar.

Abin da jiki ke nunawa

Masana guba sun lura cewa kowane rukuni na guba na da tarin alamomin da yakan haifar tare. Don haka likita kan duba girman baƙin tsakiyar ido, da damshin fata ko bushewarta, da saurin bugun zuciya, da yanayin numfashi, da zafin jiki.

Idan baƙin idon ya tsuke ya koma kamar kan allura, numfashi ya yi ƙasa sosai, mutum kuma ya suma, ana zargin ƙwayoyin kashe zafin ciwo dangin kodin da mofin. Allurar naloxone na iya farfaɗo da irin wannan majinyaci cikin 'yan mintoci, kuma farfaɗowar tasa na ƙarfafa zargin da aka yi.

Idan kuwa idon ya tsuke amma mutum na dalalar da yawu, yana hawaye da gumi da gudawa, ƙirjinsa kuma ya cika da majina, to hankali kan koma kan magungunan kashe ƙwari irin su fiya-fiya da na feshin gona. Makarinsu shi ne atropine, wanda ake ta ƙarawa har sai ƙirjin ya bushe.

Zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, akasin haka yake yi. Baƙin ido kan buɗe sosai, fata ta bushe ta yi zafi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, mutum kuma ya shiga sambatu yana kama abubuwan da ba a gani.

Sai dai kuma wannan hanya na da iyaka. Wanda ya haɗa ƙwayoyi iri biyu ko uku zai nuna alamomin da suka cakuɗe, wasu gubobin kuma ba sa nuna komai da farko.

Wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima na iya zama kamar lafiyarsa lau a rana ta farko, sai a rana ta biyu ko ta uku hanta ta fara lalacewa. Makarinsa ya fi aiki ne idan an ba da shi cikin sa'o'i 8 na farko, wato tun kafin mutum ya ji ciwon sosai.

Idan cuta ta bar hanyarta

Abin da ya fi sa likita ya fara tunanin guba shi ne ganin cuta ta ƙi bin hanyar da aka san ta da ita.

A watan Nuwamba na 2008, asibitoci a Legas da Ibadan da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun fara karɓar jarirai da ƙananan yara da suka daina fitsari baki ɗaya, bayan zazzaɓi da amai da gudawa. Lalacewar ƙoda farat ɗaya a tsakanin yara masu yawa haka ba abu ne da aka saba gani ba.

Da aka bi diddigin abin da iyaye suka ba su, sai aka gano cewa da yawa sun sha wani maganin haƙori mai suna My Pikin. Gwaji ya nuna yana ɗauke da diethylene glycol, sinadarin da ake amfani da shi a masana'antu, ciki har da haɗa man birki. Hukumomin Najeriya sun ce yara 84 ne suka mutu.

Irin wannan sinadari ne aka danganta da mutuwar yara kimanin 70 a Gambiya a 2022, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wasu magungunan tari da mura guda 4 a watan Oktoba na shekarar.

A garin Ode-Irele na jihar Ondo kuwa, mutane 18 ne aka ba da rahoton mutuwarsu cikin 'yan kwanaki a watan Afrilu na 2015, bayan ciwon kai da dushewar gani da suma. An yi ta jita-jita, an kuma zargi maganin feshi, kafin gwaji ya nuna sinadarin methanol ne a cikin barasar gargajiya.

Hanta ce ke mayar da methanol wani sinadari da ke ƙara tsamin jini kuma yake lalata jijiyar gani. Shi ya sa idan gwajin jini ya nuna tsami mai yawa da ba a san dalilinsa ba, ga kuma matsalar gani, likita kan nemi wankin ƙoda da makari ba tare da ɓata lokaci ba.

Gwaji na ganin abin da aka nema ne kawai

Jama'a da dama na zaton akwai gwaji guda da ke bayyana kowace irin guba. Babu shi. Ɗakin gwaje-gwaje na neman abin da likita ya ce a nema ne, don haka idan zargin ya kauce, sakamakon zai dawo babu komai.

Lamarin Alexander Litvinenko, tsohon jami'in leƙen asirin Rasha, ya nuna hakan ko a ƙasa mai kayan aiki irin Birtaniya. Ya kwanta rashin lafiya a Landan a ranar 1 ga Nuwamba na 2006 da amai da gudawa. Daga baya gashin kansa ya zube, ɓargonsa kuma ya daina samar da ƙwayoyin jini.

Likitoci sun zargi gubar thallium, har suka fara ba shi makarinta. Sun kuma gwada shi da na'urar gano tururin nukiliya, ba ta nuna komai ba, domin sinadarin da ke jikinsa na fitar da wani nau'in tururi ne da ba ya iya ratsa ko da fatar mutum.

Sai da aka aika da fitsarinsa zuwa cibiyar makaman nukiliya da ke Aldermaston aka gano polonium-210, dab da mutuwarsa a ranar 23 ga watan. Wani binciken da gwamnatin Birtaniya ta kafa ya ɗora alhakin kisan a kan wasu 'yan Rasha biyu a 2016, zargin da Rasha ta musanta.

Gano tushen gubar

A Zamfara, sanin sunan gubar rabin aiki ne kawai, domin sai an san ta inda take shiga jikin yaran.

Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Najeriya daga watan Mayu na 2010 ya gano cewa duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya na ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gari ana niƙawa da injin niƙa, ana dakawa a turmi, ana shanya garin a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

Jikin ƙaramin yaro na tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba, kuma ƙwaƙwalwarsa ce ta fi cutuwa. Wannan ne ya sa yara ke mutuwa, manyan da ke aikin kuma na tsaye da ƙafafunsu.

A ƙauyuka biyu da aka bincika, kashi 25 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu a cikin shekara guda. Na'urar gwajin da aka je da ita na tsayawa ne a maikirogiram 65 a kowace desilita ta jini, jinin yara da yawa kuma ya zarce abin da take iya aunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ce daga maikirogiram 5 ya kamata a fara neman tushen gubar, kuma babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

An yi wa yaran magani da succimer, wanda ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Amma maganin ba shi da amfani idan yaro zai koma gidan da ke cike da ƙurar, don haka sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma. Garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai a 2013.

A 2015 an sake samun ɓullar gubar a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda hukumomi suka ce yara 28 sun mutu.

Abin da iyalai za su iya yi

Likitoci na shawartar duk wanda zai kai majinyaci asibiti da ya tafi da kwalba ko kwali ko ganye ko ragowar abincin da ake zargi, ya kuma faɗi lokacin da abin ya faru. Ɓoye gaskiya saboda kunya, musamman idan ƙwaya ce ko maganin gargajiya, na cinye lokacin da makari zai yi aiki.

Haka kuma suna gargaɗi kan ɗura wa mutum manja ko madara ko ruwan gishiri don ya yi amai. Idan kananzir ko fetur ya sha, aman na iya shiga huhu ya haddasa ciwon da ya fi na farko muni. Idan kuma sinadari ne mai ƙuna, zai sake ƙona maƙogwaro a hanyarsa ta fitowa.

Wanda maganin feshi ya zubo masa, a cire masa tufafin a wanke fatar da ruwa da sabulu. Wanda ya suma kuma, a kwantar da shi ta gefe ɗaya domin kada amai ya shaƙe shi, sannan a garzaya da shi asibiti mafi kusa.