Ciwon Akori-Kura Daga Tanki Yake Farawa

Duk wanda ya saba bin hanyar Akwanga zuwa Jos ba zai rasa ganin tsohuwar akori-kura tsaye a gefen titi wajen Hawan Kibo ba, an ɗaga bonet, an sa mata dutse a bayan taya, yaron mota yana zaune bisa kaya yana fifita da hula. Motar ta taso da lodin doya lafiya lau, ta yi ta gudu a miƙaƙƙiyar hanya ba ko tari, amma da ta kama hawa sai ta fara fizga, direba ya taka totur ta ƙi amsawa, daga nan ta mutu. Bayan kamar minti goma a murza mabuɗi ta tashi sai ka ce ba ita ba, ta ɗan taɓa tafiya, ta sake mutuwa.

Abin da akasarin direbobi kan yi a nan shi ne su ɗora wa kafireta laifi. A kwance ta, a wanke, a hura, a mayar, a biya bakanike, bayan kwana uku kuma a koma gidan jiya. An bar jaki ke nan ana dukan taiki, domin dattin da aka wanke daga kafireta ba a cikinta aka haife shi ba, daga tanki ya taso, kuma muddin ba a taɓa tanki ba wani yana nan tafe.

Motocin da ake magana a kansu ba baƙi ba ne a Nijeriya. Tun cikin 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, kuma samfurin 404 da 504 sun shiga ko'ina, birni da ƙauye. Akori-kurarsu, tare da tsofaffin Datsun da Toyota Hilux, har yanzu wasunsu suna ɗaukar hatsi da itace da dabbobi zuwa kasuwannin mako. Da yawa sun haura shekara talatin, an sake musu inji da giya da fenti, amma tankin ƙarfen da suka fito da shi yana nan, ba wanda ya taɓa leƙa cikinsa.

Inda Dattin Yake Fitowa

Abu uku ke ɓata tanki: ƙura, da ruwa, da tsatsa. Ƙura takan shiga ta bakin tanki, musamman da hunturu, a motar da murfinta ya ɓace aka toshe da tsumma ko leda. Takan kuma shiga tare da man 'yan bumburutu, wanda ya bi ta jarka da galan da mazurari kafin ya iso mota.

Ruwa kuwa ba sai an zuba shi da gangan ba. Tankin da ba mai sosai a ciki iska ce ta cika shi, iskar damina kuwa tana ɗauke da laima. Da dare ya yi ƙarfe ya huce, sai laimar ta zama raɓa a bangon tanki ta gangara ƙasa. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, watau lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa wajen kashi uku cikin huɗu na kilo, sai ya kwanta a gindin tanki, daidai inda bututu yake zuƙo mai. Nan yake cin ƙarfe a hankali, tsatsa ta riƙa ɓarewa kamar dusa.

Tsadar mai ta ƙara wa abin ƙarfi. Bayan da aka janye tallafin fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, a cikin 2024 kuma ta kai naira 1,000 a wurare da dama. Direban da a dā yake cika tanki sai ya koma sayen lita biyar ko goma, motarsa kullum tana shan na ƙasan tanki, inda laka take. Ba kuma kullum laifin direba ba ne. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya tabbatar da cewa an sami sinadarin methanol a cikin fetur da aka shigo da shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, irin sinadarin da yake jawo ruwa yake kuma lalata roba.

Hanyar Mai

Daga tanki zuwa inji mai yana bin matakai huɗu. Akwai 'yar rariya a bakin bututun da ke cikin tanki, sai filta a kan hanya, sai famfon mai wanda inji da kansa yake motsa shi, sa'an nan kafireta mai ƙananan ƙofofi waɗanda ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe. In mota tana tafiya a hankali, ɗan man da ke ratsa dattin ya ishe ta. In ta kama hawa da kaya tana bukatar mai da yawa, famfo ya ja da ƙarfi, datti ya manne a rariya ya rufe ta. Da inji ya mutu sai dattin ya saki ya koma ƙasa, shi ya sa take tashi bayan ta huta.

Akwai alamu biyu kuma da ya kamata direba ya sani. In aka buɗe murfin tanki aka ji iska ta shiga da ƙara, mota kuma ta tashi nan take, to ƙofar shan iskar tanki ce ta toshe. In kuwa baƙin mai ya ƙaru a ma'auni maimakon ya ragu, yana kuma warin fetur, robar cikin famfo ce ta yage, fetur yana zuba cikin inji, kuma in aka ci gaba da tafiya haka inji zai buga.

Gyara Na Gaskiya

Gyaran da yake daɗewa daga baya yake farawa ya yo gaba. A cire kan batir tukuna, a tsiyaye mai a cikin mazubi mai tsabta nesa da wuta, a sauke tanki. A zuba masa tsakuwa ko guntun sarƙa a girgiza har tsatsa ta saki, a wanke da ruwan zafi da garin sabulu, a ɗauraye har ruwan ya fito fes, a bar shi a rana ya bushe sarai. A wanke rariya ko a sake ta, a hura bututun ƙarfe da iskar famfon taya, a sake kowane tiyo da ya tsage da irin wanda aka yi domin fetur, ba tiyon ruwa ba, don shi fetur narkar da shi yake yi. A sa sabuwar filta, kibiyar da ke jikinta tana duban inji. Sai bayan duk wannan a taɓa kafireta, kuma kada a tsokane ƙofofinta da waya, domin in suka buɗe mota za ta riƙa shan mai fiye da kima. Tankin da ya rube kuwa gara a nemi wani a Fanteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Ladipo ta Ikko.

Akwai dabaru uku da suke cin rai. Na farko, walda a kan tanki don an ga babu mai a ciki. Tankin da aka zazzage ya fi cikakke haɗari, saboda tururin fetur ne yake fashewa, kuma ko kashi biyu cikin ɗari na iska ya kai, ya isa ya kama. Ba a kai masa wuta sai an wanke shi an cika shi da ruwa. Na biyu, zuƙo mai da baki, wanda in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yakan kai shi asibiti. Na uku, rataya galan kusa da direba a ja tiyo zuwa kafireta. Wannan dabara ce ta fita daga daji zuwa gareji, amma waɗansu sun mai da ita ta kullum, da fasinja a ciki.

Filta ita ce mafi araha a duk hanyar mai, kuɗinta bai kai na jan mota daga Hawan Kibo zuwa gari ba, balle asarar kayan gwari da suka kwana a hanya, ko ran da mota ta mutu a tsakiyar hawa da lodi. Mai akori-kurar da ya nemi murfin tanki na gaske, yana tace man galan da kyalle mai tsabta, yana sake filta a kan kari, yana kuma sauke tanki bayan damina, ya fi kusa da kai kayansa kasuwa a ranar da take ci. Allah Ya kiyaye hanya, amin.